Daga Yamai zuwa Jidda: nisa ɗaya, awoyi dabam-dabam

Duk wanda ya tsaya salla a birnin Yamai, ya daidaita sahu, ya fuskanci alƙibla, to ya fuskanci hanyar jirgin Jidda ko da bai sani ba. Alƙiblar Yamai ba gabas sak take ba, tana ɗan karkata wajen arewa. Da za a ɗauki ƙwallon taswirar duniya irin wanda malamin lakwal ke ajiyewa bisa tebur, a danne bakin zare a filin jirgin sama na Diori Hamani, a ja shi har filin Sarki Abdul'aziz na Jidda, da zaren nan wannan fuskar zai bi. Tsawonsa kuwa, in an mayar da shi ma'aunin ƙasa, kilomita 4,000 ne da ƴan kai.

Akwai wani abin mamaki game da zaren. In aka bar bakinsa ɗaya a Yamai, aka juya ɗaya bakin wajen arewa, sai ya sauka a Pari, wadda ke wajen kilomita 3,950. In aka ɗan dawo da shi arewa maso gabas, sai ya taɓa Santambul. In aka gangara da shi kudu da Jidda, sai ya kai Adis Ababa ta ƙasar Habasha. Birane huɗu ke nan, kusan nisansu guda daga Yamai, kamar an auna da gangan. Amma a shiga Babbar Kasuwa a tambayi masu tafiye-tafiye awa nawa ake yi zuwa Jidda, amsa ba za ta zo ɗaya ba. Wani ya ce biyar, wani ya ce goma sha biyu, wani ya ce shi dai kwana uku ya yi tsakanin ƙofar gidansa da bakin teku. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Mai cewa biyar, lissafin sama yake yi. Babban jirgin fasinja, in ya gama hawa ya daidaita, yana tafiya ne tsakanin kilomita 10 zuwa 12 sama da ƙasa, inda sanyi ya fi na kowace firiji, yana cin kilomita 850 ko fiye a awa guda. Wato kilomita 14 a minti ɗaya. A raba 4,000 da 850, a samu awa huɗu da minti arba'in da ɗoriya. A ƙara da lokacin hawa da na sauka, inda gudun ke raguwa, da ɗan kewayen da hasumiyar Jidda kan sa jirgi ya yi kafin a ba shi izini, sai a tashi da awa biyar zuwa biyar da rabi. Matuƙa ba su ma lissafi da kilomita. Milin teku suke ƙirgawa, mai mita 1,852, a wurinsu tafiyar mil 2,160 ce ko kusa da haka.

Iska ma tana da ta cewa. Can sama, a kan sararin da ke tsakanin Sahel da hamada, da damina iska mai ƙarfi kan taso daga gabas ta nufi yamma, da sanyi kuma sai ta juya ta fito daga yamma. Jirgin da ya nufi Jidda a watan Yuli yana karo da ita, mai dawowa kuwa tana tura shi. A watan Janairu akasin haka ne. Da yake watan aikin Hajji yana ja baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, alhajin da ya yi Arfa a ƙarshen Disamba 2006 da ɗansa da ya yi a ƙarshen Yuni 2023 hanya ɗaya suka bi, amma ba iska ɗaya suka tarar ba. Bambancin mintoci ne, sai dai ga mai biyan kuɗin mai mintocin nan ba wasa ba ne.

Sa'an nan ga agogo. Nijar na gaba da agogon Girinwic da awa ɗaya, Saudiya da awa uku. Jirgin da ya tashi Yamai ƙarfe 11 na dare, ya yi awa biyar da minti ashirin, zai sauka agogon hannun fasinja na cewa huɗu da minti ashirin, na bangon filin Jidda kuwa na cewa shida da minti ashirin, ga alfijir ya riga ya keto. Asuba ta same shi a sama, ta kuma zo masa da wuri, domin ita rana ba ruwanta da agogon gwamnati: tsakanin garuruwan biyu akwai daraja 37 a taswira, duniya kuma daraja 15 take juyawa a awa, saboda haka rana na riga fitowa a Jidda da kusan awa biyu da rabi. Masu zuwa Umra cikin azumi sun fi kowa sanin wannan. Mai tafiya gabas da rana azuminsa gajarta yake yi, mai dawowa yamma kuwa sai ya ga la'asar ta ƙi ƙarewa, ga malamai sun ce ba a buɗa baki sai ranar da ake gani ta taga ta faɗi, ko da garin da ke ƙasa ya riga ya sha ruwa.

Jiragen Hajji sukan tashi da dare, shi ya sa kaɗan ne cikin alhazai suka taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinsu. Abin takaici ne, don ƙasar ta cancanci kallo. Jirgi ba ya bin zaren nan daidai wa daida; akwai hanyoyi da aka shata a sama, masu sunaye da lambobi, kamar yadda aka shata gudoro a ƙasa. Amma ba su cika nisa da shi ba. Minti ashirin da biyar ko talatin bayan tashi, jirgi na ratsa kudu da Tawa. Daga nan ya bi ta arewa da Tanut, gonakin hatsi su ƙare, rijiyoyin makiyaya su yi ta nisa da juna, har a kai duwatsun Tarmit da rairayin Tenere. A wannan yanki ne, ranar 19 ga Satumba 1989, bam ya tarwatsa jirgin DC-10 na kamfanin UTA da ya taso daga Injamena zai je Pari, mutum 170 suka halaka. A 2007 iyalan mamatan suka jera baƙaƙen duwatsu a wurin, suka yi da'ira mai siffar jirgi a tsakiyarta, suka kafa fiffike guda a tsaye. Ana ganinta har a hoton tauraron ɗan Adam. Gaba kaɗan ga rijiyoyin man Agadem. Sai an yi kusan kilomita 1,500, wato fiye da sulusin tafiyar duka, kafin a fita daga sararin Nijar. Wanda bai yarda ƙasar nan na da faɗi ba, ya duba agogonsa: kusan awa biyu da tashi, har yanzu yana gida.

Cadi na ɗaukar awa guda da ƴan mintoci. Nan ne kwarin Bodele yake, busasshen gindin tsohon tafki, wanda ƙurarsa ce iskar hunturu ke kwasowa ta zuba wa Damagaram da Kano da Yamai, har hazo ya hana jirgi sauka. Ga dabinon Faya, ga tafkunan Uniyanga masu ruwa a tsakiyar rairayi, can hagu kuma dutsen Emi Kusi na Tibesti mai tsawon mita 3,400 da ɗoriya, wanda babu dutsen da ya kai shi a hamadar Sahara kaf. Ana shiga Sudan daf da inda iyakarta ta haɗu da ta Cadi da ta Libiya, a yi ta ratsa fili fetal, har kwatsam kogin Nilu ya bayyana tsakanin Dongola da Wadi Halfa, siririn kore a cikin ja. Bayan duwatsun gabar teku sai Bahar Maliya, wadda jirgi ke tsallakewa cikin minti ashirin yana gangarowa. Duk tsawon hanyar, muryoyi ne ke miƙa jirgin hannu da hannu: ma'aikatan ASECNA na Yamai su ba na Injamena, su kuma, kafin yaƙin 2023, su ba Khartum, Khartum ta ba Jidda. Ita ASECNA, wadda aka kafa a 1959, makarantarta ta horar da masu wannan aiki, EAMAC, a Yamai take. Da yawa daga muryoyin da ke ratsa sararin Afirka da dare a bakin Kwara suka koyi sana'ar.

Kakanni ba su bi wannan layi ba, don babu mai iya binsa da ƙafa. Akwai tsohuwar hanyar ayari ta Agadas da Gat da Murzuk zuwa Alƙahira, ta sarakuna da manyan fatake. Mansa Musa ta Alƙahira ya bi a 1324, Askiya Muhammadu ma haka a ƙarshen ƙarni na 15. Talaka kuwa, musamman daga ƙarni na 19, hanyar kudu ya kama, inda akwai ruwa da hatsi da aikin yi: daga Katsina ko Damagaram zuwa Barno, a kewaye tafkin Cadi, a ratsa Bagarmi da Wadai, a huta a Abeshe, a shiga Darfur ta Alfashir, a wuce Al'ubayyid ta Kordofan, a kai kogin Nilu, sa'an nan Sawakin a bakin teku, inda ake jiran jirgin ruwa ya tsallakar da mutum kilomita 300 da ɗoriya zuwa Jidda. Mai tafiyar ƙasa da iyali da jaki, in ya yi kilomita 25 a yini ya yi ƙoƙari. Yinin nan nasa guda, jirgin sama bai cika minti biyu ba yake cinye shi.

Ko a wancan zamani ba nisa ne ke tsawaita tafiyar ba. Da mutum zai yi ta tafiya ba tsayawa, da bai kai shekara ba ya isa. Amma guzuri kan ƙare. Sai a yada zango a yi noma damina guda, a sayar, a ƙara gaba. A yi wanzanci a wani gari, a yi dukanci ko koyar da allo a wani. Akwai mai shekara uku, akwai mai bakwai, akwai wanda aka haifa a hanya ya isa Makka da ƙafarsa. Da Ingilishi suka gama dam ɗin Sannar a 1925 suka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai maniyyata daga yamma suka zama ƙashin bayan tsinkar auduga, da yawansu kuma nan tafiyar ta tsaya. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja ragowar jama'a gabas bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Jikokin waɗannan matafiya suna nan a Sudan, ana ce musu Fallata ko Takari, Hausa na bakinsu. Shi ya sa a da mai niyyar Hajji yakan raba gado, ya biya bashi, ya nemi gafarar maƙwabta kafin ya fita, al'adar da ta rage har yau ko da yake tikitin dawowa na cikin aljihu.

Jirgin sama ma da ya fara zuwa, sawun alhazai ya bi. Jiragen soja uku na Ingila da suka sauka Kano a farkon Nuwamba 1925 daga Masar suka taso, suka biyo ta Khartum da Alfashir da Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. A yaƙin duniya na biyu kuma, daga 1940, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta Gwalkwas sun riƙa bi ta Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Aljunaina, Alfashir da Khartum zuwa Alƙahira, suna kwanaki a hanya. Jirgin wancan lokaci, kamar jaki, sai ya tsaya ya sha. Sai da aka samu masu dogon zango aka iya barin hanyar rijiyoyi aka miƙe ta hamada.

To amma miƙewar nan da izinin mutane take. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka rufe sararin samaniyar Sudan, ana saura ƴan makonni a fara jigilar alhazai. Kilomita kusan 1,400 na tsakiyar zaren suka zama haramtattu dare ɗaya. Abin bai tsaya nan ba, domin Khartum ce ke kula da jiragen da ke ratsa can saman Sudan ta Kudu, saboda haka wannan ƙofar ma ta sami tangarɗa. Ya rage ko a yi arewa ta Libiya da Masar, alhali kamfanoni da dama sun daɗe suna ƙaurace wa sararin Libiya tun yaƙin 2014, ko a yi kudu a kewayo ta wajen Habasha. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara. Sai dai a sama kowane minti na kewaye da kananzir ake biyansa. A Nijeriya kamfanonin jigila sun nemi ƙarin dalar Amurka 250 a kan kowace kujera a wannan shekara. A makonnin nan dai aka ga jiragen ruwa na kwashe dubban masu gudun yaƙi daga Port Sudan zuwa Jidda, a kan ruwan da Takari suka tsallaka. An sake buɗe wani yanki na gabashin sararin Sudan a watan Agusta na shekarar, amma garuruwan tsohuwar hanya, Aljunaina da Alfashir, sunansu ya koma fitowa a labarin kisa da yunwa.

Ba a gama da wannan ba sai ga na gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Nijar ta rufe nata sararin daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba. Jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, waɗanda ba su da wata hulɗa da Yamai illa su wuce ta samanta, suka shiga dogon kewaye. Air France ta dakatar da zuwa Yamai a watan Agustan nan, a watan Satumba kuma aka hana jiragen Faransa ratsa ƙasar. Pari ba ta gusa daga kilomita 3,950 ba, amma tafiyar da ake yi cikin awa biyar da rabi ta koma ta yini guda, da sauka a wani birni. Masu dogon tunani za su tuna cewa an taɓa ganin irin wannan ta fuskar aljihu: ranar 12 ga Janairu 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, Jidda ta ninka nisa ga duk mai tara kuɗin kujera, ba tare da ta motsa ba. Haka kuma a 2002, da Air Afrique ta durƙushe bayan shekara 41, birane maƙwabta suka wayi gari ba jirgin da ke haɗa su. A 2020 da 2021 kuwa, saboda annobar korona, ba a karɓi alhazai daga waje ba sam. Ba kuɗi, ba jirgi, ba hanyar da ke kai mutum.

Wanda ya ce kwana uku ya yi, shi kuma lissafin ƙasa yake yi, kuma nasa ya fi kusa da abin da jiki ke ji. A ɗauki ɗan kasuwar Damagaram da aka ce jirginsa daga Yamai zai tashi. Tsakanin garinsa da Jidda, a miƙe, kilomita 3,300 ne kawai. Ya fi mutumin Yamai kusa da Ka'aba da kilomita 700. Amma sai ya juya wa alƙibla baya, ya shiga kar tun da asuba, ya bi hanya mai lamba ɗaya: Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kusan kilomita 900, da shingen jandarma da na duwan, da tsayawar salla da ta cin abinci. In ya isa Yamai da dare ya gode Allah. Wannan zango kaɗai ya ninka zaman jirgi sau biyu da rabi ko fiye. Randa jirgin ya tashi kuma, awa guda bayan tashi zai wuce ta arewa da garinsu, ya biya kuɗi sau biyu ke nan a kan nisa guda. Mutumin Difa, mai kilomita 1,300 da ɗoriya, nasa ya fi haka. Ba abin mamaki ba ne da ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram suka daɗe suna kallon filin Malam Aminu Kano, wanda bai fi kilomita 250 daga kowannensu ba, a matsayin ƙofarsu ta fita duniya. Ita ma ƙofar ta rufu daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, lokacin da aka garƙame iyaka.

Ya iso Yamai, saura jira, kuma jiran nan lissafi ne ya haife shi tun kafin sakaci ya sa hannu. Tun 1988 ƙasashen Musulmi suka amince a ba kowace ƙasa kujera 1,000 a kan kowane mutum miliyan guda. Kason Nijar a 2023 ya haura 15,000. In jirgi na ɗaukar mutum 400, sawu kusan 40 ke nan. Kowane sawu kuwa zuwa ne da dawowa, domin jirgin da ya sauke alhazai wayam yake komowa: awa goma sha ɗaya a sama, da awoyin shan mai da shara da lodi a kowane gefe, da hutun da doka ta wajabta wa matuƙa. Jirgi ɗaya da ƙyar ya wuce sawu uku cikin kwana biyu. Ga Saudiya na ba kowane jirgi lokacin saukarsa, wanda in ya kuskure sai ya bi layi, ga kuma wa'adin rufe ƙofa ga jiragen alhazai a ranar 4 ga Zulhajji. Saboda haka in biza ta makara kwana biyu, ko taya ɗaya ta lalace, ba sawu ɗaya ne ke ɓaci ba, duk na bayansa ne. Hukumar COHO da kamfanonin da ke tara maniyyata sun san wannan lissafi sarai, kuma ba a nemi su rage nisan Jidda ba. Abin da ake bin su shi ne gaskiyar rana: kada a kira tsoho daga Gure ko Madawa a ce gobe ne, alhali an san jirgin bai ma baro inda yake ba, a bar shi kwana huɗu bisa tabarma yana cin guzurin da ya tanada don Mina.

Duk da haka, mai ƙorafin jira ya san abin da yake roƙo. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta yi haya daga wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Iskar wasu tayoyinsa ba ta kai ƙa'ida ba, an kuma sani, amma aka ƙi tsayawa a cika don kada a ƙara makara. Tayoyin suka fashe a kan titin tashi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Sakkwato da Ƙonni ba su kai kilomita 100 ba, makokin bai tsaya a iyaka ba. Sauri ya haifi nawa, har ya haifi abin da ya fi nawa. In matuƙi ya ce ba zai ɗaga da tsakar rana a watan Mayu ba, lokacin da zafin Yamai ke haura 43, ba jan rai yake yi ba: iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dogara sosai, jirgin da ya cika da mutane da mai kuma yana bukatar titi mai tsawo ko sanyin dare.

Saura mai cewa goma sha biyu. Shi ne mai Umra ko ɗan kasuwa da ke tafiya ba lokacin jigila ba, wanda yawanci sai ya sauya jirgi a wani birni. Nan ma zaren yana da amfani kafin a biya kuɗi. Ta Adis Ababa, kilomita 4,000 da 1,400, jimla 5,400. Ta Santambul, 4,000 da 2,400, jimla 6,400. Ta Kazablanka kuwa, inda ake fara yin arewa maso yamma kamar an manta inda za a, 2,400 da 4,750, wato sama da 7,100. Amma ko wannan ba shi ne ma'auni ba. Abin dubawa a takardar tikiti shi ne tazarar da ke tsakanin sauka da tashi. Awa ɗaya ta yi kaɗan, don in jirgin farko ya makara na biyu ba ya jira, kaya ma ba su cika bin mai su ba. Awa goma sha huɗu kuwa kwana ne a kan kujerar ƙarfe, da shayin da ake saya da kuɗin waje. Sau da yawa jika hamsin ɗin da aka rage a tikiti mai arha a nan take zubewa. A kuma lura, lokutan da ke rubuce a tikiti kowanne da agogon garinsa yake. Wanda ya debe wannan daga wancan kai tsaye zai ga tafiya ta fi dawowa da awa huɗu, ya yi ta mamaki.

A ƙarshe dai ga Jidda. Kafin a sauka akan yi sanarwar miƙati, waɗanda suka ɗaura harami tun daga Yamai su yi niyya, talbiyya ta cika jirgi. Waɗanda aka nufa da su Madina kuwa, kamar yadda ake yi wa da yawa, sai sun zo fita daga can su ɗaura a Zulhulaifa. Filin Sarki Abdul'aziz a 1981 aka buɗe shi, sashensa na alhazai kuma rumfa ce da babu irinta: farare 210 masu siffar tanti, an rataye su a kan ginshiƙan ƙarfe, gefe a buɗe don iska ta ratsa. An gina ta ne da sanin cewa mutane za su daɗe a ƙarƙashinta. Duba katin rigakafi, hoton yatsu, fasfo, neman jaka cikin jakunkuna ɗari huɗu masu kama ɗaya, jiran motar da aka rubuta wa ayari: ba abin mamaki ba ne a yi awoyin da suka kai na jirgin kafin a fita. Daga nan zuwa Makka bai cika kilomita 100 ba. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa da ke haɗa Makka da Jidda da Madina, amma yawancin alhazan Afirka ta Yamma a bas ake ɗaukarsu, kuma a daren da hanya ta cika, wannan ɗan zango kan ci awa uku.

Dawowa ita ce ta fi gwada haƙuri, don zumuɗi ya wuce, aljihu ya yi sauƙi, jaka ta yi nauyi. Akan kai mutane filin jirgi tun saura awoyi da yawa, a auna kaya, a yi ta ciniki a kan kilo biyu na dabino da darduma, a karɓi galan ɗin Zamzam mai lita biyar a ajiye gefe. In jirgin ya ɗaga da sha biyun rana, zai sauka Yamai agogo na cewa uku da ƴan mintoci, kamar an yi wa alhaji kyautar awa biyun da aka karɓe masa a zuwa. Mutumin Yamai zai yi magariba a gidansa. Na Damagaram kuwa zai nemi inda zai kwana, ya kai kayansa tasha tun da dare a ɗaure su bisa kar, domin ta asuba ba ta jiran kowa, ga kilomita 900 na gudoro a gabansa, wannan karon yana fuskantar gabas.